Riƙe aminci ga Allah sa'ad da wahala ta ƙi ƙarewa

Istifanus:
Salama gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Akwai tambayar da nake so mu duba tare, Littafi Mai Tsarki a buɗe, domin amsoshin da ake bayarwa a kanta sun saɓa wa juna. Idan mai bi ya shiga wahalar da ta ƙi ƙarewa, ko ciwo, ko rashin aiki, ko rashin haihuwa, ko tsanani saboda sunan Yesu, da me za a gane cewa har yanzu yana riƙe da amincinsa ga Allah? Wasu suna koyar da cewa duk wanda ya buɗe baki ya tambayi Ubangiji har yaushe, ya riga ya fara ja da baya, wai mai bangaskiya ba ya furta kome sai godiya. Wasu kuma suna cewa in dai bangaskiyar mutum ta gaske ce, dole mafita ta zo, in kuwa ta yi jinkiri to akwai abin da yake ɓoyewa. Na ga mutanen da koyarwar nan biyu suka ƙara wa kaya a kan wanda suke ɗauke da shi, shi ya sa nake so in sani ko ƙarin kayan nan daga wurin Allah yake.

Ishaku:
Ɗan'uwa Istifanus, ni dai ina ganin koyarwa ta farko tana da tushe. A Littafin Ƙidaya sura 14, jama'ar Isra'ila sun yi gunaguni a bakin ƙasar alkawari, sai Allah ya hukunta cewa duk wanda ya kai shekara 20 a cikinsu ba zai shiga ba, in banda Kalibu da Joshuwa, suka kuwa yi shekara 40 a jeji. Manzo Bulus ya ɗauko labarin nan a 1 Korantiyawa 10:10 domin ya gargaɗe mu. Shi ne kuma ya rubuta wa Filibiyawa su yi farin ciki cikin Ubangiji kullum, alhali yana tsare sa'ad da yake rubutun. Shi da Sila, bayan an yi musu dūka an sa ƙafafunsu a turu, waƙar yabo suka yi da tsakar dare. Idan waɗanda suka sha irin wannan azaba ba su koka ba, mu da wace hujja za mu koka?

Malam Filibus:
Ayoyin da ka kawo gaskiya ne, ɗan'uwa Ishaku, amma ka duba abin da mutanen suka aikata a surar da ka ambata. Ba ga Allah suka kai kukansu ba. Junansu suka fuskanta, suka ce su naɗa shugaba su koma Masar, har suka yi shawarar jifan Kalibu da Joshuwa da duwatsu. Laifinsu shi ne sun yanke wa Allah hukunci cewa mugunta yake nufinsu da ita, suka kuma shirya rabuwa da shi. Ka kwatanta wannan da Zabura 13, inda Dawuda ya tambayi Ubangiji har yaushe sau huɗu a cikin ayoyi biyu kacal. Ka kuma karanta Zabura 88, wadda ta fara da kiran Allah Mai Ceto, ta ƙare mawaƙin yana cikin duhu ba aboki ba maƙwabci, babu ko aya ɗaya da ta nuna sauƙi ya zo. Ruhu Mai Tsarki bai cire wannan zabura daga littafin sujadar mutanen Allah ba, ya bar ta domin a rera.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙarshen littafin Ayuba. Mutumin nan ya la'anci ranar haihuwarsa a sura 3, ya nemi Allah ya gaya masa dalilin da yake ƙararsa a sura 10. Abokansa uku kuwa, Elifaz da Bildad da Zofar, sun yi ta kare mutuncin Allah da kalmomi masu daɗin ji. Duk da haka a 42:7 da 8 Allah ya faɗa har sau biyu cewa su ne ba su faɗi gaskiya game da shi ba, kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Hakika Allah ya tsauta wa Ayuba, Ayuba kuma ya ƙasƙantar da kansa, ba na musun wannan. Amma a duk tsawon littafin Ayuba bai daina magana da Allah ba. Ubangijinmu ma a kan gicciye kalmomin farko na Zabura 22 ya ɗauka ya yi kuka da su, yana tambayar Allah don me ya yashe shi, ba kuwa wanda zai ce amincinsa ya ragu a sa'ar nan. Game da Bulus kuma, shi da kansa ya shaida a 2 Korantiyawa 1:8 cewa wahalar da ta same su a Asiya ta fi ƙarfinsu, har suka fid da zuciya ga rayuwa.

Mama Rifkatu:
'Ya'yana, bari in sa baki a kan koyarwa ta biyu, domin na san ɗacinta. Na binne mijina, ba a daɗe ba kuma na binne ɗana. A cikin masu zuwa ta'aziyya akwai waɗanda suka zauna shiru suka tafi, har yau ina yi musu addu'a. Akwai kuma waɗanda suka ce in binciki kaina, ko akwai zunubin da ban tuba ba, ko wata ƙofa da muka buɗe wa Shaiɗan. Ban yi fushi da su ba domin na san taimako suke nufi, amma maganarsu ta hana ni barci fiye da mutuwar kanta, gama ta mai da ni mai kisan ɗana. Daga baya, da na sami ƙarfin karatu, na tarar Bildad ya faɗa wa Ayuba irin maganar nan a 8:4, cewa 'ya'yansa zunubi suka yi shi ya sa aka bashe su ga hukunci. Wannan fa mutumin da ya rasa 'ya'ya goma rana ɗaya ake gaya wa haka. Elifaz kuma, da ya rasa laifin da zai nuna, sai ya ƙirƙiro a sura 22, ya ce Ayuba ya hana mayunwata abinci ya kori gwauraye hannu wofi. Kwana bakwai ɗin da suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, shi ne alherin da suka yi masa.

Yesu ya riga ya amsa wannan tambaya. Da almajirai suka tambaye shi game da wanda aka haifa makaho, ko shi ya yi zunubi ko iyayensa, ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. Da ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mazaunan Urushalima laifi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka wanda bai san abin da ke tsakanin mai wahala da Allahnsa ba, ya yi hankali da bakinsa.

Ishaku:
Allah ya ƙara miki ta'aziyya, Mama. Na yarda ba kowace wahala ce sakamakon zunubi ba. Sai dai ban yarda a cire begen mafita daga cikin maganar ba. Ayuba ɗin nan ai Allah ya mayar masa da ninki biyu, tumakinsa daga 7,000 suka zama 14,000, raƙuma daga 3,000 suka zama 6,000. Yusufu an sayar da shi yana da shekara 17, ya tsaya gaban Fir'auna yana da 30, ya zama mai mulkin Masar. Irmiya 29:11 ta ce nufin Allah a gare mu na alheri ne. Idan muka gaya wa mai wahala cewa wataƙila ba zai fita ba, da me zai jure?

Dattijo Zakariya:
Ɗana Ishaku, ba wanda yake so a cire bege, tambayar ita ce a kan me za a kafa shi. Ka lura da cewa dabbobin Ayuba ne aka ninka. An ba shi waɗansu 'ya'ya goma, amma goman farko suna nan a kabari, duk wanda ya taɓa haihuwa kuwa ya san ɗa ba ya maye gurbin ɗa.

Ayar Irmiya da ka kawo tana cikin wasiƙar da aka aika wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Ayar da ta gabace ta ta ce sai shekara 70 sun cika tukuna. Ke nan yawancin manyan da suka ji an karanta wasiƙar a can za su mutu. An umarce su su gina gidaje, su shuka gonaki, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da ya ci su da yaƙi. A sura 28 akwai wani annabi, Hananiya, wanda ya yi shelar cewa cikin shekara biyu za a karya karkiyar Babila. Saƙonsa ya fi daɗi, ya kuma fi kama da abin da muke kira bangaskiya a yau, amma Allah ya ce bai aike shi ba, ya kuwa mutu a shekarar nan.

A Ayyukan Manzanni 12, Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, ya kama Bitrus, mala'ika ya fid da Bitrus daga kurkuku. Dukansu biyu manzanni ne, a hannun sarki ɗaya, cikin sura ɗaya. Wa zai ce Yakubu ne bangaskiyarsa ta gaza? Ibraniyawa 11 ta lissafta waɗanda suka rufe bakin zakoki suka tsere wa kaifin takobi, sa'an nan ba tare da ta canja murya ba ta lissafta waɗanda aka jajjefe, aka tsaga da zarto, aka kashe da takobi, ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiyarsu. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Abin da nake so matasanmu su riƙe shi ne amsar Shadrak, Meshak da Abednego a Daniyel 3, inda suka ce Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Na ga mutane da dama sun bar sujada, ba don wahalar ta fi ƙarfinsu ba, sai don an yi musu alkawari da sunan Allah wanda Allah bai yi ba, da ranar ta wuce suka ɗauka shi ne ya yi musu ƙarya. Mafitar da aka tabbatar mana ita ce tashin matattu, da kuma kasancewarsa tare da mu kafin ranar. Sauran mu roƙa da gaba gaɗi, gama yana bayarwa sau da yawa, amma kada mu rattaba hannu a madadinsa.

Hannatu:
Baba Zakariya, na gode da wannan bayani. Ina so in ƙara cewa a ganina gwajin aminci bai cika zuwa ta wajen abin da muke furtawa ba, ya fi zuwa ta wajen ƙofar da ke buɗewa sa'ad da muka gaji. Wanda ya daɗe ba aiki sai a kawo masa aikin da sharaɗinsa ƙarya ne a takarda. Matar da ta daɗe ba haihuwa sai a nuna mata hanyar masu duba. Wanda aka zalunta sai damar ramuwa ta faɗo hannunsa. Sarki Saul bai taɓa zagin Allah ba, amma a Gilgal ya jira Sama'ila kwana bakwai, da ya ga sojoji suna watsewa sai ya miƙa hadayar da ba tasa ce ya miƙa ba. A ƙarshen ransa kuma, da Ubangiji bai amsa masa ba, ya ɓad da kama ya tafi wurin mai duba a Endor, shi da ya kori masu duba daga ƙasar da hannunsa. Dawuda kuwa, mai yawan kuka a Zabura, sau biyu ran Saul yana hannunsa, mutanensa suna ce masa Allah ne ya ba shi dama, ya ƙi. Saboda haka idan an tambaye ni wane ne mai aminci tsakanin mai hawaye da ya ƙi hanyar banza da mai murmushi da ya bi ta a ɓoye, ba na bukatar dogon tunani.

Istifanus:
Maganar 'yar'uwa Hannatu ta kawo ni ga abin da ya fi damuna. To, wanda ya riga ya bi ta ƙofar nan fa? Akwai waɗanda matsi ya sa suka yi abin da suka san ba daidai ba ne, yanzu kunya ta hana su zuwa sujada, suna ganin sun riga sun fita daga lissafi.

Malam Filibus:
Ikkilisiya ta taɓa fuskantar tambayar nan a fili. A shekara ta 250, sarkin Roma mai suna Desiyus ya ba da umarni kowa ya miƙa hadaya ga gumaka a gaban jami'an gwamnati, a ba shi takardar shaida. An tono wasu daga cikin takardun nan a Masar, suna nan har yau. Wasu masu bi sun ƙi, aka ɗaure su ko aka kashe su. Da yawa kuwa sun miƙa hadayar, wasu kuma suka sayi takardar da kuɗi ba tare da sun miƙa ba. Da tsananin ya lafa, waɗanda suka faɗi suka dawo suna neman a karɓe su, sai gardama ta tashi. A Roma, wani dattijon ikkilisiya mai suna Nobatiyan ya ce ikkilisiya ba ta da ikon mayar da su cikin zumunci. A Kartaj, wadda take ƙasar Tunisiya ta yanzu, bishop Sifiriyan da majalisar da ta zauna a 251 suka yanke cewa a karɓe su bayan tuba ta gaske, ana duba nauyin abin da kowa ya yi. Matsayi na biyun ne ya tsaya a yawancin ikkilisiya. Shi Sifiriyan ɗin an fille masa kai a 258 saboda ya ƙi miƙa hadaya, ke nan ba mai ɗaukar musun Almasihu da wasa ba ne ya buɗe wa masu tuba ƙofa.

Tushen wannan yana wurin Bitrus. Kafin ya yi musu sau uku, Yesu ya gaya masa a Luka 22:32 cewa ya yi masa addu'a kada bangaskiyarsa ta ƙare, in ya juyo kuma ya ƙarfafa 'yan'uwansa. An shirya masa hanyar dawowa tun bai faɗi ba.

Ishaku:
Malam, ina jin tsoron kada wannan ya zama lasisi. 2 Timoti 2:12 ta ce in mun yi musunsa, shi ma zai yi musunmu. Polikab, dattijon ikkilisiyar Simirna, an ba shi damar ya zagi Almasihu ya tsira, ya amsa cewa shekara 86 yana bauta masa, Almasihu kuwa bai taɓa yi masa laifi ba, aka ƙone shi. Idan wanda ya tsaya da wanda ya faɗi za su zauna a teburi ɗaya, me za mu gaya wa 'ya'yan wanda ya tsaya?

Malam Filibus:
Za mu gaya musu cewa ubansu ya zaɓi abin da ya fi, ladarsa kuma tana wurin Ubangiji, ba za a rage masa kome ba don an gafarta wa wani. Gargaɗin ayar nan na gaske ne, ban sassauta shi ba, yana kan wanda ya yi musu ya kuma zauna a cikin musunsa. Wanda kunya ta hana shi barci bai zauna ba tukuna. Abin da ke hallaka irinsa shi ne ya yi abin da Yahuza ya yi, wato ya kai nadamarsa ko'ina ban da wurin Yesu.

Dattijo Zakariya:
Akwai ɓangaren da ba mu taɓa ba, shi ne namu alhakin. Muna yawan tambaya ko mai wahala zai tsaya, ba mu cika tambaya ko mun ba shi abin dogarawa ba. Yakubu 2:15 da 16 ta tsauta wa wanda zai sallami ɗan'uwa marar tufa da abinci da fatan alheri kawai. Da aka yi annabcin yunwa a zamanin Kalaudiyas, masu bi na Antakiya ba taron bincike suka kira ba, gudummawa suka tara, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu, wato Bulus. Iliya ma, sa'ad da ya zauna a gindin itace ya roƙi mutuwa, Allah bai fara da wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ciyar da shi sau biyu, sa'an nan ya yi magana da shi a Horeb, ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma ba shi Elisha. Ina roƙonku, idan ɗan'uwa ya daina ci, ya daina barci, ya fara maganar gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kai shi wurin likita tare da yi masa addu'a. Neman magani ba rashin bangaskiya ba ne. Yawancin waɗanda Hannatu ta ambata da sun sami wanda ya biya musu bukata ɗaya a kan kari, da ƙofar banzan ba ta yi musu kyan gani ba.

Mama Rifkatu:
Haka ne, Dattijo. Akwai lokacin da na kasa yin addu'a sam, in na durƙusa ba abin da ke fitowa. Ina zuwa sujada in zauna a baya, jama'a suna waƙa ni bakina a rufe. Wata 'yar'uwa takan zo ta karanta mini zabura ɗaya ta tafi, ba ta taɓa tambayata ko na ji sauƙi ba. Romawa 8:26 ta ce sa'ad da ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Ban ji kome a raina a kwanakin nan ba, amma ban tafi wani wuri ba, kuma ban yarda cewa Allah ya lissafta shirun nan a matsayin tawaye ba.

Ishaku:
Ina da sauran tambaya ɗaya, domin har yanzu ban gamsu a bar Ibraniyawa 12 a gefe ba. Surar ta ce Ubangiji yana horon wanda yake ƙauna. 1 Bitrus 4:15 kuma ta bambanta shan wuya saboda laifi da shan wuya saboda Almasihu. Yaya mutum zai san ko wahalarsa horo ce a kan wani abu da ya kamata ya bari?

Malam Filibus:
Ba a bar ta a gefe ba, ɗan'uwa, kuma daidai ne kowane mai bi ya roƙi Allah ya bincike shi kamar yadda ƙarshen Zabura 139 ya koya mana. Abin da na lura da shi a Nassi shi ne, idan Allah yana tsauta wa mutum a kan zunubi, yakan ambaci zunubin. Natan bai bar Dawuda yana lalube ba, ya gaya masa shi ne mutumin, ya ambaci Uriya da matarsa. Yunana ya san sarai abin da ya sa hadiri ya taso, shi ya gaya wa matuƙan jirgin. Idan ka yi binciken da zuciya ɗaya aka nuna maka abu takamaimai, ka tuba, ka mayar da abin da ya kamata a mayar, ka nemi gafarar wanda ka cuta. Idan kuwa ba abin da ya fito sai wani nauyin laifi marar suna wanda ba ya nuna maka abin da za ka gyara, kada ka ƙirƙiro wa kanka zunubi kamar yadda Elifaz ya ƙirƙiro wa Ayuba. Horon da Ibraniyawa take magana a kai ya haɗa da tarbiyyar ɗan da bai yi laifi ba, gama mutanen da aka rubuta wa wasiƙar, bisa ga 10:32 zuwa 34, an ƙwace musu dukiya an kuma wulakanta su a fili ne saboda bangaskiyarsu. Binciken nan kuma aikin mai wahalar ne tare da Allah, ko tare da makiyayin da shi da kansa ya nema. Ba aikin masu zuwa gaisuwa ba ne.